A Bar Gemun Auduga: Tsofaffinmu Da Wasan Kwaikwayo

Ana saura mako biyu Kirsimati muka sauka a wata ƙaramar majami'a a yammacin Jihar Zamfara, muka tarar matasa suna gwajin wasan da za su yi ran idi. Sun kai wurin da aka kawo jariri Yesu cikin Haikali. Wani yaro ɗan shekara goma sha biyar shi ne Saminu. An shafa masa toka a ka, an liƙa masa auduga a haɓa da ƙaro, an ba shi sanda, yana ta karkarwa wai shi tsoho. Da ya buɗe baki sai gemun ya faɗi. A bencin baya kuwa akwai dattawa uku da tsofaffin mata huɗu, sun zo addu'ar yamma da wuri, suna kallo. Da gemun ya faɗi karo na uku sai wata tsohuwa ta ce wa mai koyar da su, "Ɗan nan, ga furfura zaune kyauta, kuna ta ɓarnar auduga."

Aka yi dariya, mu ma muka yi. Amma maganar ta bi mu har gida. Cikin ikilisiyoyinmu matasa suna da ƙungiyarsu, mawaƙa suna da tasu, mata masu ƙarfi suna da Zumuntar Mata. Tsoho fa? An ba shi benci, an ba shi addu'ar rufewa, shi ke nan. A ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum abin ya fi haka nauyi, gama 'yan bindiga sun kori mutane da yawa daga ƙauyukansu. Dattijon da ya saba kewaya gonarsa da sassafe, ana kawo masa ƙara a zaurensa, yanzu yana zaune a ɗakin aro cikin gari, ba mai tambayarsa kome. Yunwa tana damunsa, amma in ka zauna da shi za ka ji zaman banza ya fi cinsa.

Shawararmu ita ce ikilisiyoyi su kafa wa tsofaffi ƙungiyar wasan kwaikwayo tasu ta kansu, ta aikin gayya, wadda ba ta neman riba. Muna da dalili babba, dalilin kuwa yana wani ƙauye da ake kira Yargalma.

Abin da ya faru a Yargalma

Yargalma tana cikin Ƙaramar Hukumar Bukkuyum. Wajen shekarar 2009 kuɗin zinariya ya tashi a duniya, mutanen yankin suka dukufa wajen haƙar dutse mai zinariya. Suka riƙa kawo dutsen gida cikin buhuna, ana farfasa shi, ana dakawa a turmi, ana niƙawa da injin niƙan hatsi, ana shanya shi a tsakar gida. Ba wanda ya san dutsen nan cike yake da dalma. Ƙurar ta sauka a ƙasa, a tabarma, a kwanon abinci. Yaro mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar MSF, wato likitocin nan na gari na kowa, suna zagayen sa ido kan cutar sanƙarau, suka ga yara suna mutuwa da yawa a waɗansu ƙauyuka. Yaro zai yi amai, ya yi ta farfaɗiya, ya suma, ya tafi. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Sai da aka auna jini aka gane gubar dalma ce. Masu bincike suka bi gida gida a Yargalma da Dareta ta ƙasar Anka, suka ƙidaya yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, suka sami 118 daga cikinsu sun mutu cikin shekara guda. Wato ɗaya cikin huɗu. A yankin duka an ƙiyasta yara fiye da 400 suka rasu. Waɗansu da suka rayu gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, abin da ba ya gyaruwa.

An yi aiki ƙwarai bayan haka. An buɗe wurin jiyya a asibitocin Anka da Bukkuyum. Sarakuna suka ba da umarni a fitar da niƙan dutse daga cikin gari. Ƙwararru daga Amurka tare da ma'aikatan jiha da mutanen ƙauyukan suka kankare ƙasar tsakar gida da fartanya, gida bayan gida, aka binne ta nesa, aka zubo sabuwa. Bagega, wadda ta fi sauran girma, ta jira har 2013 kafin a sami kuɗin share ta. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a Disamba 2024. MSF ta miƙa aikin dalma ga hukumomin jiha a 2022.

To, masu karatu, ku yi lissafi tare da mu. Yarinyar da take shekara biyar a 2010 yanzu ta wuce ashirin, tana ɗakin miji, wataƙila da goyo. Ba ta tuna kome. Mijinta ma haka. Dalma tana nan cikin dutse, zinariya ta ƙara tsada, gonaki da yawa ba sa nomuwa saboda tsoro. Allunan gargaɗi sun koɗe, motocin baƙi sun ragu. Waɗanda suka wanke gawawwakin yaran nan, suka haƙa kaburburan, su ne suka san abin da idonsu ya gani, su ne kuwa tsofaffin yau. In ba a ba su hanyar faɗa ba, za su tafi da shi kabari.

Don me tsoho, don me wasa

Ma'aikacin lafiya yakan zo da takarda ya yi bayani, a ce masa "to, madalla", ya tafi, a ci gaba da daka. Ba raini ba ne. Baƙo ne, yaro ne kuma, bai san abin da buhu ɗaya yake saya wa gida ba. Kaka kuwa tana da abin da likita ba shi da shi. Al'adarmu ta ba ta izinin wasa da jikokinta: namiji mijinta ne, mace kishiyarta, tana iya faɗa musu magana mai ɗaci cikin raha, ba a ji haushi. Tana shiga gidan kulle ba sallama biyu. Ita ce ungozoma, ita ce mai wankan jego, ita ce mai tatsuniya da dare, tana sake murya in Gizo ya yi magana, ta sake in Ƙoƙi ta amsa. Wanda ya ce tsofaffinmu ba su iya kwaikwayo ba bai taɓa jin tsohuwa tana ba da labarin yadda surukarta ta yi mata ba.

Mun san abin da za a ce, gama an riga an faɗa mana. Wani dattijon ikilisiya ya ce, "Wasa na yara ne. In na fito ina tsalle gaban surukaina, gobe wa zai ji maganata?" Tambaya ce mai kyau. Tashe na yara ne da samari, kalankuwa ma haka, 'yan kama kuwa sana'arsu ce. Akwai kuma tsohon tsoro a cikin ikilisiya, tun zamanin da ake ganin duk abin da ya haɗa ganga da sake kama ɗan'uwan bori ne.

Amsarmu tana cikin Littafi Mai Tsarki. Annabi Natan bai fara da tsauta wa Sarki Dawuda ba. Ya ba shi labarin attajiri da matalauci mai 'yar tunkiya ɗaya, ya bar sarki ya yanke hukunci da bakinsa, sa'an nan ya nuna masa kansa ya yanke wa. Irmiya ya fasa tulu a gaban dattawan jama'a, wani lokaci kuma ya rataya karkiya a wuyansa ya fita da ita. Agabas ya ɗauki ɗamarar Bulus ya ɗaure ƙafafunsa da hannuwansa domin Bulus ya ga abin da yake jiransa a Urushalima. Ba wanda girmansa ya zube a cikinsu. Bulus kuma ya rubuta wa Titus cewa tsofaffin mata su ne za su koya wa matan da suke tasowa riƙon gida. Bai ƙayyade musu yadda za su koyar ba. Dattijo ba sai ya yi tsalle ba. Ya zauna bisa kujerarsa ya zama maigida, ko mai unguwa, ko dillali, abin da ya yi shekara hamsin yana gani.

Ba mu ne farau ba. Alhaji Abubakar Tunau, mutumin Mafara, maƙwabciyar Anka, ya rubuta Wasan Marafa, aka buga shi a 1949, domin koyar da tsabta da kiwon lafiya. A ƙarshen shekarun 1970 malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka riƙa fita Samaru da Soba da Maska, suna sauraron damuwar manoma, suna mai da ita wasa a dandalin gari. Aikin ya yi kyau, sai dai ɗalibi yakan gama wasa ya hau mota ya koma makaranta. A ƙasashen Turawa kuma akwai ƙungiyoyin tsofaffi zalla. An kafa Stagebridge a birnin Okland na Amurka a 1978. A Landan wata mata, Pam Schweitzer, ta kafa Age Exchange a 1983, suna tattara abin da tsofaffi suke tunawa suna shirya wasa da shi, daga baya tsofaffin da kansu suka shiga fitowa. Su can kaɗaici suke yaƙa. Mu nan muna da kaɗaicin, muna kuma da ran jikokinmu a kai.

Yadda za a fara

Kada a fara da kwamiti. A fara da mutum shida zuwa goma, da tabarma, da inuwa, rana ɗaya a mako, da hantsi ko bayan taron Zumuntar Mata. Fasto ya nemi yardar dattawan ikilisiya, ya buɗe da addu'a, sa'an nan ya koma gefe. A makonni biyu ko uku na fari kada a yi maganar wasa sam. A bar su su ba da labari: yadda aka yi auren fari, shekarar fari da yunwa, ranar da aka gudu daga ƙauye, ranar da aka zo kankare ƙasar gida. Za a yi kuka, a bar shi. Daga cikin labaran nan za a ga wanda kowa ya ce, "Mu ma haka aka yi mana." Shi ne wasan farko.

Ba a bukatar rubutu. Da yawa idonsu ya yi rauni, waɗansu ba su yi boko ba, hadda kuma wahala ce ga mai shekara saba'in. A yarda kawai a kan fitowa uku ko huɗu: wa zai shigo, me yake so, wa zai hana shi. Maganar za ta zo da kanta, kowace rana da ɗan bambanci, ba laifi. A yi da harshen wurin. Tsohuwar Gummi in ta ce "mi kaka yi" ko "ɗiyana biyat", kada wani ɗan makaranta ya gyara mata zuwa Kananci. Minti ashirin ya isa. A sa kujeru cikin wasan domin mai ciwon gwiwa ya zauna ba tare da an lura ba.

Ga misalin da muke ba da shawara a gwada. Ɗa ya dawo daga ramin haƙa da buhu, ya ajiye a tsakar gida, ya ce wa matarsa ta daka masa kaɗan ya gani. Turmin gidan ɗaya ne, shi ne na gero. Jika yana rarrafe. Kaka tana zaune tana kaɗi, ta fara da zolayar jikan, "Mijina, yau zinariya za ka ci ko fura?" Daga nan magana ta yi tsanani. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne kada a mai da ɗan nan wawa ko mugu. A ba shi hujjarsa cikakkiya: gona ba ta zuwuwa, hatsi ya yi tsada, in ya bar buhun a daji za a sace, "Inna, da mi zan ciyar da ku?" In aka hana shi wannan magana, mazan da suke kallo za su tashi su tafi, su ne kuwa ake so su ji. Sa'ad da gardama ta kai ƙarshe a tsayar da wasan, mai gabatarwa ya juya ga jama'a ya ce, "To, ku fa, yaya za a yi?" Amsoshin da suke ceton rai sanannu ne: a daka dutse a niƙa shi can bayan gari, a jiƙa shi da ruwa domin ƙura ta kwanta, mai aiki ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya shiga gida, turmi da injin hatsi kada su taɓa dutse, a wanke hannun yara kafin cin abinci, mace mai ciki ta nisanci wurin. Amma sun fi zama in daga bakin 'yan kallo suka fito.

Abu biyu ƙanana. Kada a kawo dutsen gaske wurin wasa, garin dawa ko toka ya isa ya nuna ƙura. A kuma gayyaci ma'aikacin lafiya ya kalli gwaji kafin a fita, domin tsoho ma yana da nasa kuskuren. Akwai masu cewa madara ko jiƙo yana wanke dalma daga jini. Ba ya wankewa. Yaron da ake zargi a kai shi asibiti a auna jininsa.

Wasan farko ba lalle ya zama na dalma ba. Inda ba a haƙa, akwai maganar gado, da yadda ake yi wa gwauruwa bayan rasuwar miji, da ƙwaya da take cin samari. A haɗa da na dariya, gama wanda ya zo ya sha wa'azi tsantsa ba zai dawo ba.

Matasa suna da wuri, amma a baya. Saurayi ɗaya ya ɗauki benci, budurwa ɗaya ta riƙe littafin ƙungiya, wani ya kai masu rauni gida a babur. Mun ga wurin da aka ce za a taimaki tsofaffi, kafin wata uku matasa sun karɓe kome, tsofaffin sun koma bencin baya.

Maganar kuɗi

Nan ne ƙungiyoyi suke mutuwa. Tun ranar fari a faɗa a fili, a kuma rubuta: ba kuɗin ƙofa, ba albashi, ba rabon riba. Abin da ya shigo, ko baiko ne na musamman ko kyautar wani, na ƙungiya ne, a sayi ruwan sha da goro, a biya kuɗin mota, a duba ɗan ƙungiya in ya kwanta ciwo. Ma'aji ɗaya, mai sa hannu biyu, a karanta lissafi gaban kowa duk wata uku. In 'yan kallo suka yi liƙi, kamar yadda aka saba, a tattara a zuba cikin asusu a gaban idonsu.

Ƙungiyar da take ƙarƙashin ikilisiya ba ta bukatar wata rajista domin ta fara. In ta girma har tana so ta buɗe asusun banki da sunanta, ko ta karɓi taimako daga waje, sai ta naɗa amintattu, ta rubuta tsarin mulkinta, ta yi rajista da hukumar CAC bisa dokar kamfanoni ta 2020. Mu dai muna ganin kada a yi gaggawa. Muna kuma jan kunne game da kuɗin zama, wato ɗan abin da waɗansu masu ba da agaji sukan raba wa duk wanda ya halarci taro. Tsofaffinmu matalauta ne, ba mu ga laifin wanda ya karɓa ba. Amma ƙungiyar da ta saba da shi, ranar da ambulan ya daina zuwa ranar take watsewa, ana kuma rabuwa da gaba.

Maƙwabta da tsaro

Masu bi kaɗan ne a wannan yanki, galibinsu cikin manyan garuruwa: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan kasuwa, da mutanen ƙasar Zuru. Yaran da suka mutu a Yargalma da Dareta da Bagega 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi ne. Saboda haka ƙungiyar da ta tsaya cikin katangar majami'a ta yi rabin aiki. Amma fita tana da ladabinta. Zamfara tana bin shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, mutane kuma suna kula ƙwarai da cuɗanyar maza da mata. A je wurin mai unguwa da hakimi tukuna, a faɗa musu abin da wasan ya ƙunsa, in sun so su gani a nuna musu. Mata su yi wa mata cikin gida, maza su yi a ƙofar fada ko filin makaranta. In wata tsohuwa Musulma ta ce za ta shiga, a shimfiɗa mata tabarma, wataƙila ita ce ta binne jika.

Kada kuma a yi wayo. In an ce wasan kiwon lafiya ne, ya zama shi ne, kada a ɓoye wa'azi a ƙarshensa. Wasan Kirsimati da na Ista suna da wurinsu a majami'a, ƙofa a buɗe ga mai so. Mutanen da suka gane an yaudare su sau ɗaya ba za su ƙara ba da fili ba, sunan Almasihu ne kuma zai sha zargi.

Game da tsaro ba za mu yi dogon bayani ba, mazauna wurin sun fi mu sani. A yi da rana, a gama kafin la'asar. Kada a kwaikwayi ɗan bindiga, kada a ambaci sunan mai rami ko na wani mai mulki, kada a yi shigar da za a ce ai wane ne. Ƙauyen da hanyarsa ba ta da lafiya kada a kai tsoho can. Mutanen ƙauyukan da yawa suna cikin Anka da Gummi da Gusau yanzu, a same su inda suke. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an gama girbi, kafin hazo ya yi ƙarfi ya tayar wa tsofaffi da tari.

Ikilisiyar da ta gwada, muna roƙo ta rubuto wa Edita yadda ta kaya, da abin da ya yi kyau da wanda ya lalace, mu buga domin waɗansu su ƙaru.

A majami'ar nan da muka fara ba ku labari, an cire wa yaron gemun. Ɗaya daga cikin dattawan ya yarda ya zama Saminu, bisa sharaɗi uku: ba zai yi hadda ba, za a ba shi kujera, za a kuma ba shi jariri na gaske ya riƙe, ba ɗan tsana ba. Da aka ce wa tsohuwar da ta tayar da maganar ta zama Hannatu, sai ta ce ita ba ta kai tamanin da huɗu ba tukuna, a je a tambayi yayarta.